Ko Kun Sani?

A ƙasar Iceland, kamfanin Arctic Trucks kan gyara motar Toyota Hilux domin ta iya tafiya kan dusar ƙanƙara. Makanikansa kan ɗaga motar, su canja shokozoba da sifirin, su yanke bakin bodi inda taya ke juyawa, sannan su ɗaura mata tayoyi masu inci 38, wani lokaci har 44. In aka rage musu iska sosai, sai su baje, nauyi ya rarrabu, motar ba ta nutsewa. Direbobin hamadar Agadez ma haka suke yi cikin rairayi. A 2007, irin wannan Hilux ce ta kai ma'aikatan shirin Top Gear na BBC can ƙuryar arewacin duniya.