Kabarin Yesu Ba Kowa a Ciki, Me Ya Kai Mu Farautar Maye?

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajen makokin Kirista, kuma na gaji da ganinta. Mutum zai rasu, ba a ma gama haƙa kabari ba, sai ka ji raɗa ta taso daga bayan gida cewa wannan mutuwar ba ta Allah ba ce, da hannu a ciki. Kafin a watse daga zaman makoki an samo mai laifi. Galibi tsohuwa ce da ba ta da mai tsaya mata, ko matar mamacin, wani lokaci ma yaron riƙo da iyayensa suka daɗe a ƙasa. Mutanen da suka cika majami'a da safe suna rera waƙar nasarar Yesu a kan mutuwa, su ne da yamma za su haɗa kuɗin mota su tafi wurin wani mai "gani" ya faɗa musu wanda ya ci ɗan'uwansu. Jama'a, wannan abin kunya ne, kuma ya ci karo da ainihin abin da muke cewa mun gaskata.

Abin da Kirista ya gaskata ba shi da tsawo. An gicciye Yesu Almasihu a Urushalima a zamanin gwamna Buntus Bilatus, an binne shi, a rana ta uku ya tashi da jikinsa. Shi ya sa muke taruwa ran Lahadi, shi ya sa muke bikin Ista, wanda a yawancin ikilisiyoyinmu yake faɗuwa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Manzo Bulus, a sura ta 15 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, ya jera waɗanda suka ga Yesu a raye, har da mutum fiye da 500 a lokaci guda, sannan ya nuna cewa in wannan tashin bai auku ba, bangaskiyar duka aikin banza ce. Tashin nan nasara ce a kan mugunta, a kan gwaji, da kuma a kan mutuwa. 'Yan'uwanmu Musulmi suna da nasu fahimtar game da gicciye, ko da yake mun haɗu a kan cewa akwai ranar da matattu za su tashi. Maganata a nan da waɗanda suke amsa sunan Almasihu ce.

Kuskuren da yake haifar da duk wannan ɓarna guda ɗaya ne. Wasu sun ɗauka cewa tun da Yesu ya ci nasara a kan mutuwa, mai bi na gaske ba zai yi ciwo mai tsanani ba, ba kuma zai mutu da ƙuruciya ba. In ya mutu kuwa, to ko dai bangaskiyarsa ta yi rauni, ko wani ya jefe shi. Wannan koyarwa ba ta da gindi a Littafi Mai Tsarki ko kaɗan.

Mu dubi mutanen da suka fara shaida tashin nan da bakinsu. Istifanas jifansa aka yi da duwatsu har ya mutu, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura ta 7. Yakubu ɗan'uwan Yahaya, ɗaya daga cikin ukun da suka fi kusa da Yesu, sarki Hirudus ya sa aka sare shi da takobi. Bitrus da Bulus, bisa ga tarihin ikilisiya, a Roma aka kashe su a zamanin Nero. Wa zai tsaya ya ce waɗannan ba su da bangaskiya? Ta fuskar ciwo ma haka ne. Bulus ya roƙi Ubangiji har sau uku a cire masa wata ƙaya da take damun jikinsa, ba a cire ba. Timoti ya yi fama da ciwon ciki da yawan laulayi, Bulus kuwa bai ce a nemo wanda ya sa masa hannu ba, shawarar abin da zai sha ya ba shi. Tarofimas, Bulus ya baro shi a Militas yana kwance ba lafiya. Abafaroditas ya yi ciwo har ya kusa mutuwa. Annabi Elisha, wanda Allah ya ta da yaro ta hannunsa, ciwo ne ya kwantar da shi har ya cika. Li'azaru ɗin da Yesu ya kira daga kabari a Betanya bayan kwana huɗu, ina yake yau? Ya sake komawa ƙasa kamar kowa.

Neman wanda za a ɗora wa laifi kuwa, Yesu da kansa ya rufe ƙofarsa. Da almajiransa suka ga mutumin da aka haifa makaho, a Yahaya sura ta 9, suka so su san zunubin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa, ya nuna musu ba na kowa ba ne. A Luka sura ta 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo ta kashe, ya ƙi yarda a ce sun fi sauran mutanen birnin laifi. Gini ya faɗi, mutane sun mutu, bai aika a nemo maye ba.

To, ina nasarar take? Tana cikin cewa mutuwa ta rasa ikon yanke magana ta ƙarshe. Bulus ya kira ta abokiyar gaba ta ƙarshe da za a hallaka, wato tana nan tana aikinta tukuna, amma an riga an yanke mata hukunci. Ya kwatanta jikin da ake binnewa da irin da manomi yake turbuɗewa a ƙasa: ba wanda yake shuka gero ya koma gida yana cewa ya yi asarar hatsi. Da masu bi a Tasalonika suka shiga damuwa saboda 'yan'uwansu da suka mutu, bai hana su kuka ba, domin Yesu ma ya yi hawaye a kabarin abokinsa. Abin da ya hana su shi ne baƙin ciki irin na wanda ba shi da bege. Wasiƙar Ibraniyawa, sura ta 2, ta ƙara da cewa ta wurin mutuwarsa Yesu ya karya mai ikon mutuwa, ya 'yantar da waɗanda tsoronta ya mai da su bayi duk tsawon rayuwarsu. Ka lura, abin da aka kwance mana shi ne igiyar tsoro. Mu kuwa sai mu ɗauke ta mu sake ɗaure kanmu.

Ba na cewa babu mugunta a duniya ko babu Shaiɗan. Littafi Mai Tsarki ya san da masu sihiri. A Afisa har sun tara littattafansu sun ƙone a gaban jama'a da suka tuba. Amma Kolosiyawa sura ta 2 ta nuna cewa a kan gicciye an kwance wa ikokin duhu ɗamara. Duk wanda ya yarda wata tsohuwa mai dogara sanda za ta iya kama kurwar mai bi ta cinye, ya ɗaga ikonta sama da na wanda ya fito daga kabari, ko ya sani ko bai sani ba. Zuwa wurin mai duba kuma, ko carbi yake riƙe ko Littafi Mai Tsarki, Maimaitawar Shari'a sura ta 18 ta haramta shi sarai. Sarki Saul ya gwada a Endor, ya dawo da labarin mutuwarsa.

Hujjojin da ake kafawa da su ma abin takaici ne. A ce mara lafiya ya kira sunan wance kafin ya cika. Wanda zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau ya taɓa wa ƙwaƙwalwa zai kira sunan duk wanda ya faɗo masa, kuma sunan na kusa ne yake fara zuwa. A ce tsohuwa ta amsa da bakinta. Akwai ruɗewar tsufa da likitoci suka san ta, wadda take sa mutum ya faɗi abin da bai taɓa yi ba, balle wadda matasa suka kewaye da sanduna. A ce lafiyarsa lau ya yanke jiki ya faɗi. Haka hawan jini yake yi, yana shekaru a jiki bai yi sallama ba. A ce 'ya'yan gidan suna mutuwa bi da bi. A je a gwada jinin iyayen: in dukansu biyu suna ɗauke da ƙwayar sikila, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da cutar. Talauci da nisan asibiti suna da nasu kason, ba musu.

Ga kuma abin da ba a so a faɗa. Sau da yawa zargin gwauruwa da kashe mijinta, in ka bi diddigi, a kan gona ko gida ko kuɗin sallamar aikin mamacin zai tsaya. Wannan shi ne gwajin da yake zuwa gidan makoki: kwaɗayi da son ramuwa. Romawa sura ta 6 ta koyar cewa wanda aka yi wa baftisma an binne shi tare da Almasihu domin ya tashi ya yi sabuwar rayuwa, zunubi ba ya mulkinsa kuma. Nasara a kan gwaji ke nan, a ga ƙanen mamaci yana da damar kwashe kayan marayu, ya kame hannunsa.

Masu cin abinci da tsoronmu kuma ba su da iyaka. A 2019 duniya ta kalli bidiyon wani fasto a Afirka ta Kudu yana "ta da" mutum daga akwatin gawa, daga baya kamfanonin jana'izar da aka yi amfani da kayansu suka fito suka ce yaudararsu aka yi. A 2023, a dajin Shakahola na Kenya, an tono gawawwaki fiye da 400 na mabiyan wani da ya ce su ƙaurace wa abinci don su sadu da Yesu. Waɗanda suka kawo mana bishara ba haka suka yi ba. Walter Miller, wanda ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, likita ne. Asibitocin Wusasa, Vom, Garkida, Jankwano a Jos da Galmi a Nijar, masu wa'azin tashin matattu ne suka gina su. Luka ma da ya rubuta bishara likita ne.

Saboda haka, in ciwo ya shigo gida, a kira dattawan ikilisiya su yi addu'a, a kuma kai mara lafiya asibiti tun da sauran ƙarfinsa, domin ɗaya ba ya hana ɗaya. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini, ciwon suga ko ƙanjamau, kada ya zubar da shi don an ce ya warke a wurin taron farkawa. Ya koma a gwada shi tukuna. Duk wanda ya haura shekara 40 ya riƙa auna jininsa. Masu shirin aure su yi gwajin sikila kafin a sa rana. Magidanci ya rubuta wasiyya yana da rai, da shaidu, don kada dangi su yi wa iyalinsa wasoso. In rasuwa ta auku, a tambayi likita sanadi, a faɗa wa dangi a fili, domin ɓoye sunan cuta shi yake buɗe wa jita-jita hanya. In da zargin guba ko kisa na gaske, aikin 'yan sanda da likitan binciken gawa ne, ba na matasan unguwa ba. A sani kuma, a dokar Najeriya zargin mutum da maita laifi ne, dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 kuma ta haramta wulaƙanta gwauruwa da sunan al'ada.

Fastoci, ku daina yin shiru don kada masu bayarwa su yi fushi. Ku koyar da tashin matattu a tsakiyar shekara, ba sai ran Ista ko ran jana'iza ba, ku kuma hana mumbari ga duk baƙon da sana'arsa nuna yatsa ce. Zumuntar mata, ku kwana da gwauruwa a makon farko, ku sake leƙa ta bayan wata uku lokacin da kowa ya ɗauke ƙafa. Matasa, hannun da ya ɗauki Jibin Ubangiji ran Lahadi bai kamata ya ɗauki sanda a kan kakar wani ran Litinin ba. Kai kuma ɗan'uwa, ranar da aka raɗa maka sunan wani a gidan makoki, kada ka kai shi gaba. Ka ce wa mai raɗar ya ji tsoron Allah, sannan ka tashi ka je ka zauna kusa da wanda ake zargin.