Daga Bauta Zuwa Ɗiyauci: Ma'anar Zama 'Ya'yan Allah a Koyarwar Kirista Game da Ceto

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin wani ɓangare na koyarwar addinin Kirista game da ceto, wato aƙidar cewa Allah yana karɓar mai ba da gaskiya a matsayin ɗa kuma magaji. An bi diddigin kalmar Girkanci da Manzo Bulus ya yi amfani da ita, da dokar Romawa da ta ba ta nauyi, da yadda malaman ikilisiya suka fahimce ta. Daga nan aka auna ta da kalmomin Hausa irin su riƙo da fansa da 'yanci. Maƙalar ta nuna cewa tsohuwar ma'anar kalmar ɗa, wato kishiyar bawa, ta fi kusa da manufar wannan aƙida fiye da al'adar riƙo.

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalaman da ake ji a majami'un da ke sujada da Hausa, ba wanda ya kai "'ya'yan Allah" saurin jawo saɓanin fahimta. Musulmi, waɗanda su ne mafi rinjayen masu magana da harshen, sun yi imani da cewa Allah bai haifa ba kuma ba a haife shi ba, don haka jingina masa ɗa abu ne da aƙidarsu ta kore baki ɗaya. Su kuma Kiristoci sun sha bayyana cewa ba haihuwa irin ta jiki suke nufi ba. Tun da al'ummomin biyu suna cin kasuwa ɗaya, suna kuma magana da harshe ɗaya, ya kamata manazarcin Hausa ya san ainihin abin da masu furta kalmar suke nufi da ita. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana aƙidar kamar yadda masu ita suka tsara ta, ba tare da shiga muhawarar gaskata ta ko ƙaryata ta ba.

2.0 Ceto a Taƙaice

A koyarwar Kirista, zunubi ya raba ɗan'adam da Mahaliccinsa, kuma mutum ba zai iya gyara wannan ɓaraka da ƙoƙarin kansa ba. Suna koyar da cewa mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye da tashinsa daga matattu su ne hanyar sulhu, kuma ana samun wannan ceto ne bisa alherin Allah ta wurin bangaskiya. Marubutan Sabon Alkawari sun bayyana ceton da siffofi daban-daban da suka aro daga rayuwar yau da kullum. Baratarwa siffa ce ta kotu, inda alƙali yake wanke mai laifi. Fansa ta fito ne daga kasuwar bayi, inda ake biyan diyya a saki wanda ke ɗaure. Tsarkakewa kuwa daga Haikali aka ɗauko ta. Siffa ta huɗu, wadda ita ce jigon wannan nazari, ta cikin gida ce: wanda aka wanke aka kuma fansa, ana shigar da shi cikin iyali a ba shi matsayin ɗa.

3.0 Asalin Kalmar

Kalmar Girkanci da ke ɗauke da wannan ma'ana ita ce huiothesia, wadda aka harhaɗa daga huios, wato ɗa, da thesis, wato ajiyewa ko ɗorawa. Ma'anarta ke nan ɗora mutum a gurbin ɗa. Sau biyar kacal ta zo a Sabon Alkawari, kuma duka a wasiƙun da ke ɗauke da sunan Bulus: Romawa 8:15 da 8:23 da 9:4, sai Galatiyawa 4:5, da Afisawa 1:5. Masana sun kasu kan inda Bulus ya samo hoton.

3.1 Dokar Romawa

A daular Roma, maigida yana da cikakken iko a kan 'ya'yansa muddin yana raye, ko da sun yi furfura. Idan mai dukiya ko mai mulki ba shi da magajin da zai raya sunan gidansa, doka ta ba shi damar ɗauko wani, galibi namiji baligi, ya mayar da shi ɗansa. Hanyoyin biyu ne. Ta farko, adoptio, ta shafi wanda ke ƙarƙashin ikon mahaifinsa: mahaifin zai yi kwaikwayon sayar da shi har sau uku domin ikonsa ya yanke, sannan sabon uban ya yi da'awarsa a gaban hukuma. Ta biyu, adrogatio, ta shafi mai cin gashin kansa, wanda zai shiga sabon gida da dukiyarsa da iyalinsa. A tsantsar tsohuwar doka, basussukan da ke kan irin wannan mutum suna faɗuwa, ko da yake daga baya an buɗe wa masu bin bashi hanyar neman haƙƙinsu. A hanyoyin biyu, wanda aka ɗauka yana samun sunan gidan, kuma haƙƙinsa na gado daidai yake da na ɗan cikin maigida.

Wannan al'ada ta kai har gadon sarauta. Yuliyas Kaisar ya ɗauki Oktabiyan a matsayin ɗa cikin wasiyyarsa a shekara ta 44 kafin Miladiyya, shi ne ya zama sarki Augustas. Shi ma ya ɗauki Tibariyas a shekara ta 4 Miladiyya. Sarki Kalaudiyas ya ɗauki Nero a shekara ta 50, kuma Nero ne ya hau karaga a 54, alhali Kalaudiyas yana da ɗan cikinsa. Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, wadda aka rubuta wajajen shekara ta 57, ta isa birnin ne a lokacin da ɗan ɗauka yake mulkinsa. Masu sauraronta ba su buƙatar a yi musu dogon sharhi kan girman wannan matsayi.

3.2 Tsohon Alkawari

Wasu masana, irin su James M. Scott a littafinsa na 1992, sun fi karkata ga cewa tushen tunanin yana cikin littattafan Yahudawa. A Fitowa 4:22 an kira Isra'ila ɗan farin Allah a daidai lokacin da ake neman Fir'auna ya sake su daga bauta. A 2 Sama'ila 7:14 kuma an yi wa zuriyar Dawuda alkawarin dangantakar uba da ɗa. Bulus da kansa ya lissafa huiothesia cikin gatan Isra'ilawa a Romawa 9:4. Ra'ayoyin biyu suna iya tafiya tare, domin Bulus Bayahude ne da ya ƙware a Attaura, kuma ɗan ƙasar Roma ne da ke rubuta wa mutanen da ke zaune ƙarƙashin dokarta.

4.0 Abin da Bulus Ya Gina a Kan Kalmar

Bayani mafi tsari yana cikin Galatiyawa 4:1-7. A can Bulus ya kwatanta rayuwa kafin zuwan Almasihu da ta magajin da bai balaga ba, wanda ke hannun masu kula da shi, ba ya iya taɓa dukiyar da take tasa, har da wuya a bambanta shi da bawan gidan. Ya ce da lokaci ya cika, Allah ya aiko Almasihu ya fanshi waɗanda ke ƙarƙashin Shari'a domin su sami matsayin 'ya'ya. Abubuwa uku ne suka biyo bayan wannan matsayi.

Na farko shi ne kusanci. Bulus ya ce Ruhu Mai Tsarki yana sa mai bi ya kira Allah da kalmar Abba, wadda a harshen Aramiya yaro da babba suke kiran mahaifi da ita. Ita ce kalmar da Markus 14:36 ya ruwaito Yesu ya yi addu'a da ita a lambun Gatsemani. Bahaushe ba baƙon wannan lafazi ba ne, domin a gidaje da yawa da shi ake kiran uba. Manufar ita ce, bawa yana tsayawa gaban ubangidansa da fargaba, ɗa kuwa yana shiga wurin mahaifinsa da sakin jiki.

Na biyu shi ne gado. Romawa 8:17 ta bayyana masu bi a matsayin magada tare da Almasihu, ta kuma haɗa wannan gado da shan wuya tare da shi, don kada a ɗauka cewa matsayin ɗa alkawarin jin daɗin duniya ne. Galatiyawa 3:28 ta nuna cewa Bayahude da Bahelene, bawa da ɗa, namiji da mace, duk daidai suke a wannan gado.

Na uku shi ne jira. A Romawa 8:15 an riga an karɓi matsayin, amma a aya ta 23 ana sauraron cikarsa a ranar tashin matattu. Afisawa 1:14 ta warware wannan da wata kalmar kasuwanci, arrabon, wadda daidai take da abin da 'yan kasuwarmu ke kira kafin alƙalami: ciniki ya faɗa, an ba da wani abu a hannu, sauran yana tafe.

Ya kamata a lura cewa Yohanna ya bi wata hanya dabam. Shi da siffar sabuwar haihuwa ta ruhu ya yi bayani, kuma ya keɓe kalmar huios ga Yesu, yana kiran masu bi da tekna, wato yara.

5.0 Fahimtar Malaman Ikilisiya

Wannan bambanci na Yohanna ya zama ginshiƙi daga baya. Bayan taron Nikiya na shekarar 325, koyarwar da ta kafu ita ce Yesu Ɗa ne tun azal bisa zatinsa, masu bi kuwa 'ya'ya ne bisa alheri, kuma suna nan a matsayinsu na halittu. Da wasu malamai a ƙasar Sifen, ƙarƙashin jagorancin Elipandus na Toledo, suka koyar da cewa ta fuskar mutuntakarsa shi ma Yesu ɗan ɗauka ne, taron Frankfurt na 794 ya yi watsi da ra'ayin.

Ɗariƙun Kirista sun yarda da aƙidar, sai dai kowace da inda ta fi ba ƙarfi. Taron Trent na Katolika, a matsayarsa ta 1547, ya bayyana baratarwa a matsayin fitar da mutum daga halin da aka haife shi zuwa halin alheri da zama ɗa, ya kuma ɗaura wannan da baftisma. A ɓangaren Furotesta, takardar aƙida ta Westminster ta 1646 ta ware wa batun babi sukutum, wato babi na 12, inda ta raba shi da baratarwa. Ikilisiyoyin Otodoks na Gabas sun fi kallonsa a matsayin tafiya ta tsawon rai, wadda mai bi ke ƙara kamantuwa da halayen Allah a cikinta.

6.0 Aƙidar a Ma'aunin Hausa

Mai neman kwatankwacin huiothesia a al'adar Bahaushe zai fara tunawa da riƙo ko tallafi, inda kaka ko gwaggo ko kawu ke ɗaukar yaro su rene shi har su aurar da shi. Sai dai ɗan riƙo yana nan da sunan mahaifinsa, kuma ba ya cin gadon mariƙinsa sai abin da aka ba shi kyauta ko wasiyya. Wannan ya dace da hukuncin Musulunci a Suratul Ahzab, ayoyi na 4 da 5, da suka umarci a jingina kowane yaro ga mahaifinsa. Agola ma, wanda uwarsa ta zo da shi gidan miji, ba magajin gidan ba ne. Saboda haka, fassara aƙidar da riƙo tana zubar da suna da gado, waɗanda su ne ƙashin bayanta.

Inda Hausa ta fi taimakawa shi ne a kalmar ɗa ita kanta. A tsohuwar al'ummar Hausa, ɗa yana nufin wanda aka haifa, yana kuma nufin wanda ba bawa ba. Har yau idan aka ce wane ɗa ne, ana nufin mai mutunci ne da cika alkawari. Daga wannan saiwa aka sami 'yanci da 'yantawa, waɗanda a karin harshen Sakkwato ake furta su ɗiyauci da ɗiyautawa, kamar yadda 'ya take zama ɗiya. Ke nan a bakin Bahaushe, 'yanta bawa shi ne mayar da shi ɗa. Abin da Bulus ya yi dogon bayani kafin ya haɗa, wato fita daga bauta da zama ɗa, Hausa ta riga ta ƙulla su a tushe guda. Haka kuma fansa kalma ce da aka sani a harkar bayi tun kafin ta shiga majami'a. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Dokta Walter Miller na Wusasa yake cikin manyan masu aikinsa, ya fito ne a 1932, shekara huɗu kafin dokar 1936 da ta kawo ƙarshen bauta a Arewacin Nijeriya. Masu karatunsa na farko sun san bambancin ɗa da bawa a zahirin rayuwa.

Duk da haka, 'yanci shi kaɗai bai ƙunshi dukkan ma'anar ba. 'Yantaccen bawa a ƙasar Hausa yakan ci gaba da zama yaron gidan ubangidansa, kuma a fiƙihu ubangidan ne ke iya gadonsa idan bai bar magada ba, shi kuwa ba ya gadon ubangidan. A Roma ma wanda aka 'yanta yana nan ƙarƙashin inuwar wanda ya 'yanta shi. Da'awar Bulus ta zarce nan, domin a wurinsa wanda aka kwance daga bauta shi ne kuma aka rubuta cikin magada.

7.0 Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa idan Kirista ya kira kansa ɗan Allah, yana maganar matsayi ne da ya yi imani an ba shi kyauta, wanda ya ƙunshi kusanci da gado da kuma begen cikarsu a lahira. Hoton ya samo asali daga dokar iyali ta Romawa da tarihin fitar Isra'ila daga Masar, kuma malaman ikilisiya sun kiyaye iyaka tsakaninsa da abin da suke faɗa game da Yesu. Ga mai fassara da mai nazarin ma'ana, darasin shi ne riƙo ya yi kama da aƙidar a siffa amma ya rasa gado, ɗiyauci kuma ya kama zuciyarta amma yana buƙatar a cika shi da bayanin magaji. Sanin wannan ba zai kawar da saɓanin aƙida tsakanin Musulmi da Kirista ba, amma zai sa kowane ɓangare ya san takamaiman abin da ake saɓani a kansa.