Dubai: Ga rana ga faifan sola, amma babu tallafin sayen batir

A birnin Dubai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda zafin bazara kan haura digiri 45, hukumomi sun shafe shekaru suna ƙarfafa wa jama'a gwiwar kafa faifan sola a saman gidajensu. Sai dai duk mai gidan da ya ce zai ƙara da batir domin adana wutar da zai yi amfani da ita da dare, to daga aljihunsa zai biya kuɗin baki ɗaya, domin shirin da masarautar ke gudanarwa bai tanadi rangwame ko sassaucin haraji a kan batir ba.

Wannan ya sha bamban da abin da aka gani a wasu ƙasashe masu arziki. A Amurka, wata doka da Shugaba Joe Biden ya sanya wa hannu a shekarar 2022 ta bai wa magidanta damar cire kashi 30 cikin 100 na kuɗin faifan sola da batir daga harajin da ake bin su, kafin wata dokar da Shugaba Donald Trump ya rattaba wa hannu a watan Yulin 2025 ta kawo ƙarshen sassaucin daga ƙarshen wannan shekarar. Jamus ta janye harajin VAT daga kan faifai da baturan gidaje tun watan Janairun 2023, yayin da Ostareliya ta soma rage wa masu saye kimanin kashi 30 cikin 100 na farashin batir daga ranar 1 ga watan Yulin 2025.

Dabara irin ta Amurka ba ta da wurin zama a Dubai, saboda Daular ba ta karɓar haraji a kan albashin mutum, kuma ba a yi wa mutum ragi a kan abin da dama ba ya biya. Abin da mai saye ke cin karo da shi shi ne harajin VAT na kashi 5 cikin 100 da aka soma karɓa a watan Janairun 2018, wanda ko da an yafe shi ba zai sauya lissafi da yawa ba.

Babban dalilin yana cikin shirin Shams Dubai, wanda hukumar lantarki da ruwa ta masarautar, wato DEWA, ta ƙaddamar a shekarar 2015. A ƙarƙashinsa, mai gida zai ɗauki ɗan kwangila daga cikin waɗanda hukumar ta amince da su, a kafa masa faifai, a haɗa su da babban layin wuta, sannan a sanya masa mita mai ƙirga wutar da ta shiga gidan da wadda ta fita. Da tsakar rana, idan faifan suka samar da fiye da abin da gidan ke sha, rarar kan koma kan layin hukuma. Ba a ba shi kuɗi a hannu. Ana rubuta masa rarar ne a matsayin ajiya, a cire ta daga abin da ya sha da dare, abin da ya saura kuma a tura shi zuwa watanni masu zuwa.

Ma'ana dai layin hukuma ne ya zame wa gidan batir, kuma batir ne da ba ya cika, ba ya tsufa, ba a kuma sayensa. Wutar da aka tara a lokacin sanyi, sa'ad da ba a cika kunna na'urorin sanyaya ɗaki ba, za a iya cin moriyarta a watan Agusta, abin da babu batirin gida da zai iya yi. Wanda ya sayi batir a irin wannan hali ya kashe dubban dirhami ne kan aikin da ake yi masa ba tare da ya sayi komai ba, ga shi kuma kowane batir kan zubar da wani kaso na wutar tsakanin caji da fitarwa, zafi irin na yankin Gulf kuma yana rage masa tsawon rai. Ribar faifan kansu a bayyane take, domin farashin wutar gidaje hawa-hawa ne, daga fils 23 kan kowane yunit ga mai shan kaɗan zuwa fils 38 ga wanda ya haura yunit 6,000 a wata, ban da ƙarin kuɗin makamashi. Fils 100 ne ke yin dirhami guda.

Saura batun ɗauke wuta, wanda shi ne ke tura mutanen Kano ko Maraɗi sayen batir. Bisa alƙaluman DEWA, a shekarar 2024 matsakaicin lokacin da kowane mai amfani da wuta a Dubai ya zauna babu ita bai kai minti guda ba a tsawon shekarar. A watan Oktoba na wannan shekarar ce jihohin arewacin Najeriya da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin da ya tashi daga Shiroro zuwa Kaduna. Ya kamata masu sha'awar kwaikwayon tsarin Dubai su lura da wannan, domin faifan da aka haɗa da babban layi ba tare da batir ba kan daina ba da wuta da zarar an ɗauke ta hukuma, don kada su jefa ma'aikatan gyara cikin haɗari.

Ba kowa ne shirin ya shafa ba. Kimanin kashi 90 cikin 100 na mazauna Dubai baƙi ne, cikinsu har da Hausawa 'yan kasuwa da ma'aikata, kuma akasari haya suke yi a benaye. Ɗan haya ba shi da iko da rufi, mai gida kuma ba shi ke biyan kuɗin wuta ba, don haka babu wanda ke da dalilin zuba jari. Ɗaya daga cikin wuraren da gwamnati ta ɗauki nauyi kai tsaye shi ne garin Hatta da ke cikin duwatsu, inda aka kafa faifai a gidaje 640 na 'yan ƙasa.

Ba wai mahukunta sun yi watsi da batun adana wuta ba ne. Sun zaɓi yin sa ne da girma, a hannun hukuma. Gandun samar da wuta daga hasken rana na Mohammed bin Rashid Al Maktoum, wanda ya soma da megawat 13 a shekarar 2013, yana da wani sashe da aka buɗe a watan Disamban 2023, inda madubai ke tattara hasken rana kan wata hasumiya mai tsawon fiye da mita 260, a adana zafin cikin narkakken gishiri har na tsawon sa'o'i 15. A Hatta kuma an gina tasha mai ƙarfin megawat 250 da ke tura ruwa zuwa saman dutse da rana, ta sako shi ya juya injina a lokacin buƙata. Maƙwabciyarta Abu Dhabi ta sanar a watan Janairun 2025 da aikin da zai haɗa faifai masu ƙarfin megawat 5,200 da manyan batura, domin ba da megawat 1,000 dare da rana.

Ta fuskar lissafi, wannan zaɓi yana da hujja, domin ajiya guda babba ta fi dubban ƙanana arha. Amma ya bar makomar batirin gida a hannun hukuma ɗaya tak, wadda ita ke samar da wuta, ita ke rarraba ta, ita kuma ke ɗaukar nauyin riƙe wa masu faifai rararsu. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta taɓa bin tsari makamancin wannan, har rarar tsakar rana ta yi yawa. A watan Afrilun 2023 aka rage abin da ake lissafa wa sababbin masu kafa faifai kan wutar da suka mayar da kimanin kashi 75 cikin 100, kuma daga nan ne yawancinsu suka koma haɗawa da batir. Dubai, wadda ta ɗaura niyyar samun dukkan wutarta daga makamashi mai tsabta nan da shekarar 2050, tana ƙara yawan faifai kowace shekara, kuma dukkansu da tsakar rana suke ba da wuta.