Dabaibayi ga Alamomin Bincike a Kwamfuta

Ma'aikacin da ke tattara bayanai daga ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yakan riƙe jerin sunayen makarantu da lambobin waya da yake son kwamfuta ta zaƙulo daga cikin dubban layuka, kuma abin da masu rubuta manhaja suka fi dogara da shi shi ne rejeks, wato zubin bincike wanda ya samo asali daga aikin masanin lissafi Stephen Kleene na Amurka a 1951. A wannan zubi akwai alamomin da ake ɗauka a matsayin umarni, waɗanda a harshen JavaScript sun kai 14.

Ɗigo yana nufin kowane harafi, saboda haka wanda ya nemi G.S.S., taƙaitaccen sunan sakandaren gwamnati, zai iya ganin an kawo masa kalmar GASASSHE, domin haruffanta shida na farko sun dace da zubin. Alamar tarawa kuwa tana umartar a maimaita abin da ya gabace ta, shi ya sa lambar da ta fara da +234 take tsayar da manhajar, domin babu abin da ya gabaci alamar. Tsayawar ma da sauƙi. Kuskuren da ya wuce shiru shi ne abin tsoro, musamman a jerin masu karɓar tallafi.

Maganin shi ne a sa wa kowace alama dabaibayi, wato a gabatar mata da karkatacciyar sanda \ wadda ke mayar da ita harafi kawai. Python yana da re.escape, PHP yana da preg_quote, JavaScript kuma sai a 2025 ya samu RegExp.escape. Wajibi ne a bi jerin ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure alamomin kowane suna, sannan a haɗa sunayen da miƙaƙƙiyar sanda | mai ma'anar "ko", domin wanda ya fara haɗawa kafin ɗaurewa ya dabaibaye har sandar, binciken kuma ya tashi a tutar babu.

Dabaibayin bai taɓa matsalar rubutun Hausa ba, domin ƙ da ɗ da ɓ ba umarni ba ne, kuma kwamfuta ba za ta haɗa Kankara da Ƙanƙara, ko Yankara da 'Yankara ba, sai an daidaita rubutun tun wajen shigar da shi.