A toshe bakin katakon gari kafin a shafa masa fenti

Bayan kaka, idan an sayar da wake da gyaɗa, magidanta da yawa a Agye, Gazawa da Gidan Rumji sukan nufi wurin kafinta. Wani zai yi wa ɗiyarsa kayan ɗaki, wani yana son akwatin ajiyar iri, wani kuma allon makarantar yaƙi da jahilci. Itace ya yi tsada, shi ya sa kafintoci suke aiki da katakon gari. Mai kauri ana ce masa MDF, siririn kuma Isorel.

Wannan katako ba daga gungume aka tsago shi ba. Itace ake niƙawa a masana'anta, a cuɗa shi da gam, a matse da zafi. Fuskarsa tana da santsi da tauri. Amma inda zarto ya bi, bakin yana nan buɗe kamar soso. Idan aka shafa fenti haka nan, sai bakin ya shanye shi. A ido ya yi kyau, amma ƙofar ruwa tana buɗe.

Da rani ba a ganin illar. Sai damina ta sauka, daga Yuni zuwa Satumba, daɓen ɗaki ya yi sanyi. Nan ne katako yake tsotsar laima ta ƙasa, ya kumbura, fenti ya ɓanɓare, ƙusa ta saki. Katakon gari kuwa in ya kumbura ba ya komawa yadda yake, ko an shanya shi a rana. Irin da ke cikin akwatin ma yana iya yin fumfuna.

Maganin ba shi da tsada. A goge bakin da samfefa mai laushi, a share ƙurar. A dama farin gam na kafintoci da ruwa kaɗan har ya yi kamar nono. A shafa siriri da buroshi, kada a jiƙa katakon. Idan ya bushe sarai, bakin zai yi kaushi. A sake gogewa, a shafa na 2. Bayan wannan ya bushe ne za a kawo fentin mai, shi ma shafi 2. Kada a yi dabara da ƙaro ko koko: ruwa yana narkar da su.

Bakin ƙasa, wanda ido ba ya gani, shi aka fi mantawa, kuma ta nan ɓarna take farawa. Mai saye ya kifar da akwati ya shafa da yatsa. In ya ji gari-gari, ya ce a gyara kafin ya biya. A gida kuma a ɗora ƙafafun kaya bisa duwatsu ko bulo, a ɗan janye su daga bango.

Ƙurar wannan katako tana da gam a ciki, tana cutar da ido da ƙirji. A yanka shi a fili, a rufe hanci da baki, a kori yara daga wurin. Guntayen da suka rage kada a sa su a murhu, domin hayaƙinsu ba na shaƙa ba ne.