TUK HAM: Ranar Da Ƙasar Nok Ke Kiran 'Ya'yanta Gida

Duk wanda ya leƙa tashoshin motocin Arewa da ke Agege ko Mile 12 a Ikko, ko kuwa Sabo ta Badun, a cikin makon Ista, zai tarar da waɗansu fasinjoji da ba su yi kama da fatake ba. Ba su da buhunan goro, ba su da dilolin atamfa. Sojoji ne da 'yan sanda da suka samo hutu, da ma'aikatan asibiti, da masu gadi, da malaman makaranta, kowa da iyalinsa da 'yar jakarsa. In aka tambaye su ina aka nufa, amsar ɗaya ce: Kwoi. Bikin Tuk Ham ne ya taso su.

Kwoi ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna, nan ne kuma fadar Kpop Ham, watau sarkin ƙabilar da Hausawa suka saba kira Jaba. Su dai mutanen ba haka suke kiran kansu ba. Sunansu Ham, harshensu Hyam, garin ma Kwain suke ce masa, bakin Bahaushe ne ya mai da shi Kwoi. Da yawa daga cikinsu ba sa jin daɗin sunan nan na Jaba, saboda haka baƙon da ya je bikin ya ce Ham ya riga ya sami shiga tun kafin a ba shi wurin zama. Ban da ƙasar Jaba, akwai su a ƙananan hukumomin Kachia da Kagarko da Jama'a. Ƙauyen Nok kuwa, wanda sunansa ya zaga duniya, yana nan kusa da Kwoi, a gindin duwatsu.

Shi wannan biki kowace shekara ake yinsa a lokacin Ista. Da yake Ista ba ta da rana tsayayya, tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, bikin yakan zo a tsakiyar bazara, sa'ad da zafi ya kai matuƙa, mangwaro ya nuna, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ba a banza aka zaɓi lokacin ba. A nan ne manomi yake da ɗan sarari: amfanin bara ya shiga rumbu, na bana ba a kai ga shukawa ba. A nan ne kuma ma'aikacin gwamnati yake da hutun Juma'a da Litinin a haɗe da ƙarshen mako, kwana huɗu cur, wanda ya isa mutum ya taso daga bakin teku ya ga gida ya koma. Tushen bikin yana cikin bukukuwan gargajiya na noma da kakanni suke yi tun kafin zuwan Turawan Mishan, waɗanda suka kafa tasharsu a Kwoi a 1910. A zamanin Kpop Ham Danladi Gyet Maude, wanda ya hau gadon sarauta a 1974, aka tattara su aka mai da su taro guda na ƙabila duka.

Yadda ake cika fili

Kafin babbar rana akan yi taron ƙara wa juna sani, inda 'yan boko na ƙabilar ke tattauna tarihi da harshe da halin da ƙasarsu ke ciki, akan kuma yi gasar zaɓen sarauniyar 'yan mata. Amma abin da ya kawo talaka daga ƙauye, ya kawo kurtu daga barikin Ikeja, shi ne ranar fili.

Tun da sassafe hanyoyin shiga gari suke cika. Waɗansu a ƙasa, waɗansu a babur mutum uku uku, waɗansu a bayan akori-kura da gangunansu. Kowace gunduma da ƙungiyar rawarta, kowace ƙungiya da irin shigarta. An kafa rumfuna a gefe guda domin sarakuna da manyan baƙi, sauran jama'a kuwa rana ce rumfarsu, sai mai rabo ya sami inuwar mangwaro. In Kpop Ham ya iso da hakimansa, guɗa takan kaure, maharba su shigo da kwari da baka suna kwaikwayon yadda ake sanɗar nama a dawa, daga nan sai a buɗe fage.

Kiɗan ƙaho shi ne abin da ya kamata baƙo ya tsaya ya saurara da kyau, domin ba irin busar algaita ko kakaki ba ce da aka sani a fadojin Kano da Zazzau. Mai algaita shi kaɗai yake fitar da waƙarsa daga farko har ƙarshe. A wannan yanki kuwa, masu busa sukan tsaya su da yawa, kowane da ƙahonsa, babba da ƙarami, kowane ƙaho da muryarsa. Wannan ya busa tasa ya yi shiru, na kusa da shi ya karɓa, na gaba ya ɗora, har muryoyin su sarƙu su zama waƙa ɗaya. In mutum guda ya yi latti da numfashi ɗaya, waƙar ta sami giɓi, kowa kuma zai ji. Ga ganguna suna riƙe da ƙasa, ga akayau a ƙafafun masu rawa yana ba da amsa duk sa'ad da aka buga ƙafa. Masu rawa sukan jeru su sunkuya, kafaɗa da ƙugu suna aiki, ƙura tana tashi har ta rufe rumfar manya. Wanda ya ji abin a rediyo kawai bai ji komai ba. Sai an tsaya kusa, ƙasa tana motsi a ƙarƙashin tafin ƙafa.

Irin wannan kiɗa ba a koyonsa a mako guda, ba kuma a koyonsa a ɗaki. Sai yaro ya tashi cikin masu yinsa. A nan ne damuwar dattawa take: masu busa suna tsufa, samarin da ya kamata su gaje su suna Kaduna da Abuja da Ikko. Ƙahon ma kansa ya yi wuya, tun da namun dajin da ake samunsa a jikinsu, irin su gwanki, sun ƙaurace wa dazuzzukan yankin.

Bayan masu ƙaho sai ƙungiyoyin Zumuntar Mata na coci-coci, da zannuwansu iri ɗaya. Kayan kiɗansu tulu ne na yumɓu da ake bugun bakinsa, da caki, da ƙananan ganguna. Abin lura a nan shi ne yawancin waƙoƙinsu da Hausa suke yinsu, domin da Hausa Mishan suka yi wa'azi a ƙasar, da ita aka karanta Littafi Mai Tsarki shekara da shekaru. Bakano ko Basakkwacen da ya zo kallo zai ji kowace kalma. Sai kuma 'yan Birged da badujalarsu, suna maci kamar sojoji. Maƙwabta ma ba a barinsu a baya, Bajju da Atyap da mutanen Kagoro sukan zo taya murna, kamar yadda su ma ake zuwa musu bikin Afan na ranar 1 ga Janairu a Kagoro.

Da la'asar ta yi sanyi sai fili ya canza hannu. A tayar da janareta, a jera manyan lasifikoki, mawaƙan zamani su hau dandali da jita da molon Turawa mai madannai, waɗansu da waƙoƙin bishara, waɗansu da na soyayya, cikin Hyam da Hausa da Turancin Buroka. Nan ne 'yan Ikko suke nuna sun zo da kuɗi, a yi ta liƙi, ko da yake dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa Naira a wurin biki. Ba laifi ba ne samari su yi nasu. Laifin shi ne in lasifika ta fara ruri tun masu ƙaho ba su gama ba, domin ƙaho ba ya iya ja da na'ura. Wani abin da ke cin lokacin makaɗa kuma shi ne jawabai. Shekarar da zaɓe ya gabato, ɗan siyasa yakan riƙe makirufo har rana ta take, tsofaffin da suka yi tafiyar mil biyar da ganga a kai a ba su minti kaɗan a ce su fita. Masu shirya biki ya kamata su duba wannan.

A bayan fili kasuwa ce sosai. Ga mai tsire da balangu, ga masu kunun zaƙi da zoɓo wanda aka cika wa citta har yana yaƙar maƙogwaro, ga faten acca, ga tulin mangwaro. Masu burkutu suna can gefe da rumfunansu, wanda ba ya sha ya san hanyar da zai bi. Musulmin garin da Fulanin rugagen kewaye suna cikin masu saye da sayarwa, da masu kallo. A yankin da ya sha ganin tashin hankali tun daga rikicin Kafanchan na 1987, ganin haka ba ƙaramin abu ba ne.

Gumakan da suka fi garin suna

Ba a yin Tuk Ham ba a ambaci Nok ba, har a jikin riguna da kalandun biki ana buga hoton kan nan na yumɓu mai idanu masu kusurwa uku. Labarinsa ya faro ne a 1928, sa'ad da masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a Nok. Ba wanda ya san darajarsa a lokacin. Sai a 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan a Jos, wanda aka samo a wajen Jama'a. Wani ma'aikacin kuza ya kafa shi a gonar doyarsa yana korar ɓarna da shi. Fagg ya gwada su biyun ya ga hannu ɗaya ne, ya sa wa al'adar sunan Nok. Shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Daga baya aka gano wuraren narkar da ƙarfe na mutanen a Taruga. Masana na Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, waɗanda suka fara tono a yankin a 2005, sun nuna al'adar ta faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa.

Mutanen Ham suna ɗaukar kansu magadan masu wannan aiki. Masana dai ba su tabbatar da salsala kai tsaye ba, domin tazarar shekarun tana da yawa, gumakan kuma an same su a fili mai faɗin gaske, har cikin jihohin Neja da Nasarawa da Filato. Amma ƙasar tasu ce, sunan ƙauyensu ne, ba mai ƙwace musu wannan. Abin takaicin shi ne mafi kyawun gumakan ba sa nan. A shekarun 1990 'yan tonon sata suka yi wa yankin kaca-kaca, dillalai suka kwashe kaya zuwa Turai. A shekarar 2000 aka ga guda biyu a baje a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, aka yi ta ka-ce-na-ce, har a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, amma aka bar mata su aro na shekara 25. Yaron da ya yi rawa a Kwoi da hoton gunkin a ƙirjinsa, ba lalle ne ya taɓa ganin na gaske ba.

Citta da tsaro

Armashin biki yana bin aljihun manomi, aljihun manomin Ham kuwa citta ce. Kudancin Kaduna ne ke noma mafi yawan cittar Nijeriya, ƙasar Jaba da Kachia da Kagarko su ne cibiyarta. Ana shuka ta da ruwan farko a Afrilu da Mayu, a rufe kunya da ganye, a tone daga wajen Nuwamba, a tsaga a shanya. 'Yan Arewa da ke dako a Apapa sun san ƙamshin buhunanta. Da kuɗinta ake biyan makaranta, da shi ake ɗinkin biki. A damanar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonaki, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa ba su fitar da ko iri ba. Daga nan iri ya yi tsadar da ƙaramin manomi ba ya iya saye, nauyi kuma ya ƙaru a kan 'yan'uwa da ke aiki a Kudu.

Sai maganar hanya. A da jirgin ƙasa ne yake kawo mutane Kafanchan, wadda ta zama mahaɗar layin dogo tun shekarun 1920, daga nan a hau mota zuwa Kwoi. Jirgin ya daɗe da daina zama abin dogara. Mai zuwa daga Ikko sai ya biyo Lokoja da Abuja, sa'an nan ya zaɓa: ko ta Keffi da Gitata, ko ta Bwari da Jere da Kagarko. Dukansu biyu sun yi ƙaurin suna. A Fabrairun 2017 aka sace Farfesa Peter Breunig, shugaban masu tonon nan na Jamus, da abokin aikinsa a ƙasar Kagarko, aka kashe mutum biyu na ƙauyen da suka bi sawu, kafin a sako su bayan 'yan kwanaki. A Yulin 2021 Kpop Ham kansa aka ɗauke a gonarsa da ke wajen Gitata, aka sako shi daga baya. Tun daga lokacin direbobi suka koyi lissafa tafiya yadda dare ba zai same su a daji ba. A 2020 kuwa dokar kulle ta cutar korona ce ta faɗo daidai kan Ista, ta tsare kowa inda yake.

Duk da haka motoci ba su fasa cika ba. Uban da ya haifi 'ya'yansa a Ajegunle, suka tashi da Yarabanci da Buroka, Hausarsu kame-kame, Hyam kuwa sai gaisuwa, ya san kwana huɗun nan ne kaɗai a shekara da za su zauna gaban kakarsu ta yi musu magana da harshen gida, ta yi dariyar amsarsu. Nan ne ƙungiyoyin ci gaban gari na Ikko da Fatakwal da Kaduna suke haɗuwa su kawo gudummawar rijiya ko rufin aji. Nan ake ganin yarinya a aika tambaya, nan ake sasanta rikicin gona da aka yi shekara ana ja ta waya.

Ranar Lahadi coci-coci sukan cika har waje. Litinin da asuba kuwa tasha ta ɗinke, ana ɗaure ƙullin acca da busasshiyar citta da kwandon mangwaro a saman mota, tsofaffi mata suna tsaye suna jaddada wa direba ya bi a hankali. Kafin motocin su kai Lokoja, waɗanda aka bari a gida sun saɓa fartanya sun nufi gona, domin in ruwa ya sauka citta ba ta jira.