Ƙaton Babur Na Hannu: Kyan Fenti Ba Ya Isa

A Amurka, inda kamfanin Harley-Davidson ya soma ƙera babura a birnin Milwaukee a 1903, ba kasafai ake zuwa aiki a kan manyan baburan nan masu ƙaramar kujera da faffaɗan hannu ba. Na yawon ƙarshen mako ne. Da sanyi ya shigo, sai a lulluɓe su a gareji wata da watanni. Shi ya sa mai neman na hannu zai tarar da babur ɗan shekara goma sha biyar wanda bai yi wata tafiyar kirki ba, yana sheƙi kamar jiya aka fito da shi.

Wannan zaman shi ne ciwon. Fetur ya lalace a tanki, tsatsa ta kama, batir ya mutu, robobi su bushe. Taya kuwa tana iya nuna zane raɗau alhali ta tsufa. A gefenta akwai lambobi huɗu: 2318 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na 2018. Wadda ta haura shekara shida abin tuhuma ce.

Gogaggen mai saye yakan ce kada a tayar da injin kafin ya iso. Sai ya dafa ya ji shi da sanyi, sannan a kunna, domin inji mai zafi yana ɓoye ƙara da hayaƙi.

Kowane samfuri da lagonsa. Injin Twin Cam 88 na Harley, daga 1999 zuwa 2006, yana da wata 'yar roba mai danne sarƙar cikin inji. Idan ta cinye, ɓurɓushinta kan shiga famfon baƙin mai, gyaran ya zama na maƙudan kuɗi. Kamfanin ya sauya tsarin gaba ɗaya a 2007. Na Japan, irin su Honda VTX1800 da Kawasaki Vulcan 2000, sun fi araha, amma an daina ƙera su, wasu kayan gyaran sai an yi oda.

Sai nauyi. Samfurin Fat Boy na Harley ya haura kilo 300, kusan ninki uku na Boxer ɗin 'yan acaɓa. In ya kwanta a rairayi, mutum ɗaya zai sha wuya kafin ya ɗaga shi.

Baburan da ake shigowa da su ta Legas ko Kwatano, wasunsu daga gwanjon kamfanonin inshora suke, bayan haɗari ko ambaliya. Lambar jikin babur mai harafi da lamba 17, wadda aka buga a wuyansa, dole ta yi daidai da ta takardun kwastam, kuma da ita ake bincika tarihinsa a intanet kafin a biya ko sisi.